Wa Ke Gyara Wa Mai Wa'azi? Tarihin Wata Kwaleji A Birnin Washington

A kan wani tudu da ke arewa maso yammacin birnin Washington na ƙasar Amurka akwai wata ƙatuwar majami'a ta dutse, wadda aka aza harsashinta a 1907, ba a kuma kammala ta ba sai 1990. A nan ake yi wa wasu shugabannin ƙasar addu'ar jana'iza, a nan kuma ake taron addu'a bayan an rantsar da sabon shugaba. Masu yawon buɗe ido kan cika harabarta, kowa ya ɗaga kai yana kallon hasumiyoyi. Kaɗan ne daga cikinsu ke lura da wani gini da ke raɓe a gefenta, mai ɗakunan kwana da ɗakin cin abinci da laburare da ƙaramin ɗakin ibada. Wannan gini shi ne ya kasance mazaunin Kwalejin Masu Wa'azi ta Cocin Episkofal har tsawon shekara 80.

Abin da ya ja hankalina ga wannan kwaleji shi ne irin ɗaliban da take ɗauka. Ba samari masu neman shiga aikin coci take koyarwa ba, domin waɗannan suna da makarantun tauhidi nasu. Ɗalibanta limaman coci ne da aka riga aka naɗa, waɗanda suka shekara biyar ko goma ko ashirin suna hawa mumbari kowace Lahadi. Irin waɗannan ake gayyata su bar jama'arsu na ɗan lokaci, su zo su zauna, su yi wa'azi a gaban takwarorinsu, sannan su yi shiru a gaya musu inda suka kuskure.

Ra'ayina shi ne waɗanda suka kafa ta sun gano wata gaskiya da ta shafi kowane addini mai mumbari: mai wa'azi yana cikin mutanen da suka fi kowa buƙatar gyara, kuma yana cikin waɗanda suka fi kowa ƙarancin samun mai gyara musu. Tarihin kwalejin, da tashinta da faɗuwarta, ya nuna darajar wannan tunani, ya kuma nuna iyakarsa.

Su wane ne 'yan Episkofal?

Cocin Episkofal reshe ne na ɗarikar Angilikan. Kafin Amurka ta samu 'yancin kai, mabiyanta 'yan Cocin Ingila ne, kuma limamansu kan yi rantsuwar biyayya ga Sarkin Ingila. Da aka yi yaƙin neman 'yanci, wannan rantsuwa ta zama ƙarfen ƙafa. Bishof ɗinsu na farko, Samuel Seabury, sai da ya tafi Aberdeen ta ƙasar Sikotland a 1784 aka naɗa shi, domin a Ingila doka ba ta yarda a naɗa wanda bai yi wa Sarki mubaya'a ba. A 1789 suka tsara cocinsu mai cin gashin kansa. Sunan ya samo asali daga kalmar Girkanci mai nufin mai sa ido, wato bishof, don nuna cewa coci ne da bishof-bishof ke jagoranta.

Ba su taɓa zama masu yawa ba idan aka kwatanta da 'yan Katolika ko 'yan Baftis, amma sun daɗe suna da faɗa a ji. Daga George Washington zuwa Franklin Roosevelt zuwa George Bush babba, shugabannin Amurka da dama sun fito daga wannan gida. An san su da tsari da natsuwa a ibada. Suna da littafin addu'a wanda ya tsara kusan kowace kalma da za a faɗa daga farkon sujada zuwa ƙarshenta. Wuri guda ne kawai littafin ya bar wa limami ya yi magana da bakinsa, wato lokacin huɗuba. A nan ne ake gane gwani da ragon malami.

Cocin ya taɓa fitar da gwanaye. Mafi shahara a ƙarni na 19 shi ne Phillips Brooks na birnin Boston, wanda ya gabatar da jerin laccoci kan wa'azi a Jami'ar Yale a 1877. Jigon maganarsa shi ne wa'azi gaskiya ce da ke ratsowa ta cikin halin mutum kafin ta isa ga jama'a. Idan haka ne, to, ba ilimin mai wa'azi kaɗai ke buƙatar reno ba, har da shi kansa mutumin. Wannan tunani ne kwalejin Washington ta zo ta gina wa ɗaki.

Zamanin da aka haife ta

Ba za a fahimci dalilin kafa kwalejin ba sai an dubi Amurka ta shekarun 1920. A watan Janairun 1921 tashar rediyon KDKA ta watsa sujada kai tsaye daga wani cocin Episkofal a birnin Pittsburgh. Daga wannan lokaci limamin ƙaramin gari ya samu kishiyoyi. Jama'arsa na iya zama a gida su murɗa rediyo su ji wanda ya fi shi murya, ya fi shi iya ba da labari. Aimee Semple McPherson ta buɗe tashar rediyonta a Los Angeles a 1924, tana wa'azi da kiɗa da wasan kwaikwayo. Billy Sunday, tsohon ɗan wasa, yana tara dubban mutane yana tsalle a kan dandamali.

A ɓangaren ilimi kuma gardama ce ta kaure tsakanin masu riƙe da zahirin nassi da masu son daidaita fahimtar addini da binciken zamani. A 1922 Harry Emerson Fosdick ya yi wata huɗuba a New York da ta ƙara wa wutar fetur. A 1925 aka gurfanar da wani malamin makaranta, John Scopes, a jihar Tennessee saboda koyar da ka'idar Darwin, aka ci shi tarar dala 100, jaridun duniya suka yi ta yayata shari'ar. A 1927 marubuci Sinclair Lewis ya fitar da littafin Elmer Gantry, labarin wani mayaudari da ya mai da wa'azi hanyar neman kuɗi da mata, kuma littafin ya yi kasuwa ƙwarai.

Ka dubi limamin da ya gama makarantar tauhidi a 1905, misali. Duniyar da aka shirya shi dominta ta shuɗe. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya wuce ya bar tambayoyin da littattafansa ba su amsa ba. 'Ya'yan jama'arsa sun je jami'a sun dawo da shakku. Shi kuwa yana nan da tsofaffin takardunsa, yana juya su shekara bayan shekara. Jama'a na girmama shi, saboda haka babu mai iya ce masa huɗubarsa ta daina shiga zuciya. Sai dai ya ga kujeru suna raguwa.

Bishof, mai ritaya, da attajiri

Mutum uku ne tarihi ya fi ambata. Na farko shi ne James Freeman, wanda ya zama Bishof na Washington a 1923, mutum mai baiwar magana da iya shawo kan masu hannu da shuni. Burinsa shi ne babbar majami'ar ta zama wurin da ke yi wa ƙasa baki ɗaya hidima. Na biyu shi ne Philip Rhinelander, malamin tauhidi, wanda ya riƙe Bishof na Pennsylvania daga 1911 zuwa 1923, ya ajiye muƙamin saboda rashin lafiya. Shi ne ya zama shugaban kwalejin na farko, kuma shi ya fara tara limamai ƙungiya-ƙungiya a tsakiyar shekarun 1920, tun kafin a samu gini.

Na uku shi ne Alexander Smith Cochran, magajin wani babban kamfanin saƙa darduma a garin Yonkers na jihar New York. Mutum ne mai son littattafai, har ya taɓa bai wa babban gidan tarihi na New York kyautar tsofaffin rubuce-rubucen Farisa da ya tara. Shi ya ba da kuɗin gina kwalejin. Bai ga buɗe ta ba, domin ya rasu a watan Yunin 1929, a shekarar da aka keɓe ginin, wadda kuma ita ce shekarar da kasuwar hannun jari ta New York ta rushe. Mai karatu ya riƙe wannan a ransa, domin za mu sake haɗuwa da kasuwar a ƙarshen labarin.

Bayan Rhinelander, sunan da ya fi manne wa kwalejin shi ne Theodore Wedel, wanda ya shugabance ta daga 1943 zuwa 1960. Ɗan wani limamin ɗarikar Menonayit ne daga jihar Kansas, kuma farfesan adabin Ingilishi ne kafin ya shiga aikin coci. Ya haɗa abu biyu da ba kasafai suke haɗuwa ba: sanin yadda kalma ke aiki da sanin abin da ya cancanci a faɗa. Damuwarsa ita ce huɗubar zamaninsa ta koma nasihar kyawawan ɗabi'u kawai, irin wadda kowane shugaban ƙungiya zai iya yi, an bar ainihin koyarwar addini a baya. A kan wannan ya rubuta littafi a 1956 yana kira ga mumbari ya koma ga tauhidi.

Yadda ake karatun

Tsarin ba shi da wuyar bayani. Akan gayyaci limamai kaɗan daga sassan ƙasar, su zo su kwana a ginin kamar mako guda. Tare suke ibadar safe da ta yamma, tare suke cin abinci. Akan kawo wani masani ya yi musu lacca kan wani fanni. Sannan a raba su ƙananan rukunoni, kowa ya tashi ya yi huɗuba, sauran su saurara, su faɗi abin da suka ji. Akwai kuma waɗanda akan ba su damar zama na tsawon lokaci domin karatu da rubutu.

Kowane ɓangare na wannan tsari yana da hikimarsa. Kwana a wuri guda yana raba mutum da rawaninsa. A garinsa shi ne babba, ana miƙe masa idan ya shigo. A nan kuwa kowa limami ne, babu mai jin nauyin wani. Cin abinci tare yana sassauta zuciya, domin gyaran wanda kuka ci tuwo tare ya fi sauƙin haɗiya a kan na baƙo. Ƙarancin adadi yana hana ɓuya, tunda dole layi ya zo kan kowa. Abu mafi muhimmanci shi ne masu sauraron sun san sana'ar. Sun san lokacin da mutum ya ɗaga murya don rufe raunin hujja, sun san labarin da aka aro daga littafi aka ce a gaban ido ya faru, sun san ayar da aka yanko daga muhallinta don ta yi wa mai magana aiki. Barewa ba ta yi wa 'yar'uwarta burgar gudu.

Abin da ya sa nake ganin sun yi daidai

Ni ɗan jarida ne, kuma ban taɓa ganin rubutuna ya fita ba tare da wani ya bi shi da jan biro ba. Edita zai tambaye ni inda na samo adadi, ya goge sakin layin da na fi so, ya ce kanun da na sa ya yi alkawarin abin da labarin bai cika ba. Akwai ranakun da nakan fita daga ofishinsa raina a ɓace. Amma na san sau nawa ya hana ni jin kunya a bainar jama'a, kuma na san sau nawa ya hana ni zaluntar wani da alƙalamina. Likita yana da majalisar da ke iya karɓe lasisinsa. Alƙali yana da kotun ɗaukaka ƙara. Direban jirgin sama, komai daɗewarsa, ana mayar da shi gwaji lokaci-lokaci.

Mai wa'azi fa? Yana magana da ɗaruruwa ko dubbai kowane mako. Ba a katse shi, ba a yi masa tambaya, ba a neman hujja kafin ya sauka. Yana magana kan aure da gado da mutuwa da maƙwabtaka da wanda za a so da wanda za a ƙi. Masu sauraronsa sun zo da zuciya a buɗe, domin sun ɗauka abin da zai faɗa ba nasa ba ne, saƙo ne daga sama. Babu wani mai magana a cikin al'umma da aka ba wa amana irin wannan. Da ya sauka kuwa, abin da zai ji a bakin ƙofa shi ne godiya da sa albarka. Wanda bai gamsu ba zai wuce gida da abinsa a ciki.

Mutumin da ya shekara ashirin bai ji komai ba sai yabo, da wuya ya tsira daga ɗayan cuta biyu. Ko dai ya yi sanyi, ya riƙa maimaita kansa har jama'a su koyi yin barci da ido buɗe, ko kuma ya gano cewa tsoro da fushi sun fi komai tara jama'a, ya kama wannan hanya. Amurka ta ga misalin na biyu a daidai lokacin da kwalejin ke tasowa. Charles Coughlin, wani limamin Katolika a kusa da birnin Detroit, ya fara wa'azi a rediyo a 1926. A shekarun 1930 miliyoyin mutane ke sauraronsa, kuma sannu a hankali wa'azin ya rikiɗe ya koma zuga ƙiyayya ga Yahudawa. Sai a 1942 shugabannin cocinsa suka rufe masa baki, bayan ɓarnar ta riga ta yi nisa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Akwai wani dalili kuma da ya shafi tsarin mulki. Kundin tsarin mulkin Amurka, ta gyaran farko da aka yi masa a 1791, ya hana gwamnati tsoma baki a sha'anin addini. Babu jami'in da zai ba mai wa'azi lasisi ko ya tace huɗubarsa. Wannan 'yanci ne mai daraja, amma yana ɗora nauyi a kan masu addinin. Idan hukuma ba za ta gyara ba, su kuma suka ƙi gyara kansu, to, kasuwa ce za ta yi hukunci, kuma kasuwa ta fi son mai ihu. Kwalejin Masu Wa'azi yunƙuri ne na wata al'ummar addini ta ɗauki wannan nauyi da kanta.

Sukar da ba za a kauce mata ba

Mai adalci dole ya saurari ɗaya ɓangaren. Suka ta farko ita ce wa'azi baiwa ce, ba a koyar da ita a aji. Akwai gaskiya a ciki. Babu makarantar da za ta zuba wa mutum tsoron Allah ko tausayin jama'a. Amma baiwa ba ta hana kuskure, hasali ma takan ƙara masa nisa. Mai baiwar magana da ya ɗauki gurguwar fahimta ya fi mai in'ina haɗari sau goma. Wuƙar da ta fi kaifi ita ta fi buƙatar kube.

Suka ta biyu ta fi nauyi. Wa'azin da ya girgiza Amurka a ƙarni na 20 bai fito daga ɗakunan dutse na masu hali ba. Ya fito ne daga majami'un baƙar fata na kudancin ƙasar, a lokacin da manyan majami'un fararen fata, har da na Episkofal, suke ta jan ƙafa kan batun wariyar launin fata. Huɗubar da aka fi tunawa da ita a babbar majami'ar Washington ita ce ta 31 ga Maris 1968, kuma wanda ya yi ta ɗan Baftis ne, Martin Luther King. Ita ce huɗubarsa ta Lahadi ta ƙarshe, domin kwana huɗu bayan haka aka harbe shi a Memphis. Na yarda da wannan suka, amma ina ƙara mata bayani. King ɗa ne kuma jika ga masu wa'azi, ya tashi a gidan da dattawa ke sauraron yaro su gyara masa. Ya yi makarantar tauhidi ta Crozer, ya yi digirin digirgir a Jami'ar Boston. Shi ma an sassaƙa shi. Darasin da ke nan shi ne gyara ba ya buƙatar ginin dutse, kuma taron da kowa ya fito daga aji ɗaya na al'umma yana iya gyara salon magana ya bar makantar da duk suka yi tarayya a cikinta.

Suka ta uku ita ce ta lissafi. A tsakiyar shekarun 1960 mabiya Cocin Episkofal sun haura miliyan uku. Yau ba su kai miliyan biyu ba. In kwalejin ta yi aiki, ina jama'ar? Amsata ita ce kusan duk tsofaffin ɗarikun Furotesta na Amurka sun ga irin wannan raguwa, masu irin wannan kwaleji da marasa ita, saboda dalilai da suka haɗa da raguwar haihuwa da sauyin rayuwa da rigingimun cikin gida. Bayan haka, yawan jama'a ba shi ne ma'aunin ingancin wa'azi ba. Da shi ne, da Coughlin ya fi kowa.

Ranar da aka kulle ƙofa

A farkon shekarun 2000 aka haɗe kwalejin da sauran shirye-shiryen ilimi na babbar majami'ar ƙarƙashin sabon suna. Sai rikicin tattalin arziki na 2008 ya faɗo. Majami'ar ba ta samun kuɗin gudanarwa daga gwamnati, ta dogara ne ga gudummawa da ribar jarin da aka bar mata. Jarin ya zube, aka sallami ma'aikata da yawa, aka rufe kwalejin a 2009. Ginin da aka buɗe a shekarar rushewar kasuwa ta farko, rushewa ta biyu ce ta kulle shi. A watan Agustan 2011 girgizar ƙasa ta lalata hasumiyoyin majami'ar, hankali ya koma kan gyaran dutse, ginin kwalejin ya yi shekaru babu kowa a ciki. Daga baya wasu attajirai suka ba da miliyoyin daloli aka sabunta shi, aka sa masa suna Virginia Mae Center, aka kuma faɗaɗa manufarsa zuwa tarurruka kan addini da al'ada da rayuwar jama'a.

Theodore Wedel ya taɓa ba da wani misali a 1953 wanda har yau ake maimaita shi a majami'u. Ya kwatanta coci da wata 'yar bukkar masu ceto a gaɓar teku mai haɗari. Da suka yi suna, sai masu kuɗi suka shigo, aka gina musu katafaren zaure, aka ƙawata shi, har ya zama wurin shaƙatawa da ba a son a shigo da jiƙaƙƙun mutanen da aka tsamo daga ruwa. Ba na cewa kwalejinsa ta zama haka. Amma ta ɗaure kyakkyawan tunani a jikin gini mai tsadar riƙo, shi ya sa da kuɗi suka ƙare aikin ya tsaya. Alhali abin da ake buƙata na asali bai wuce mutum goma da ɗaki guda da niyyar faɗa wa juna gaskiya ba.

Mumbarin da ke maƙwabtaka da ginin kuwa bai daina nuna nauyin kalma ba. A ranar 21 ga Janairun 2025, Bishof ta Washington, Mariann Budde, ta rufe huɗubarta da roƙon Shugaba Donald Trump, yana zaune a sahun gaba, ya ji ƙan baƙin haure da sauran waɗanda ke cikin fargaba. Shugaban ya fusata, ya nemi ta ba da haƙuri. Wasu suka yaba mata, wasu suka ce ta mai da mumbari dandalin siyasa. Ko wane ɓangare mutum ya ɗauka, zai yarda cewa 'yan jimloli daga bakin mai wa'azi sun isa su raba ƙasa gida biyu ana muhawara. Aikin da ke da irin wannan tasiri bai kamata a bar shi ga sa'a ba.

Inda labarin ya taɓo mu

Cocin Episkofal da Cocin Angilikan na Najeriya tsatsonsu ɗaya. Wanda ya san Wusasa ta Zariya ya san tarihin Dakta Walter Miller da aikin fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa wanda aka buga a 1932, kuma a can akwai kwalejin tauhidi ta Saint Francis da ke horar da limaman Angilikan. Dangantakar cocin biyu ta yi tsami tun 2003, bayan da 'yan Amurka suka naɗa Gene Robinson, wanda a lokacin yake zaman tare da namiji ɗan'uwansa, a matsayin bishof. Wannan saɓani na aƙida yana nan, kuma ba shi nake neman warwarewa ba. Ana iya ƙin matsayin mutum a karɓi dabararsa mai amfani.

Tambayar da kwalejin ta yi ƙoƙarin amsawa tana gabanmu, a coci da masallaci. Rediyon da ya tayar wa limaman 1920 da hankali ya zama wayar hannu, inda minti ɗaya na zagi ya fi awa guda na karatu yawo. Mun san abin da wa'azi marar linzami ya jawo a Kano a watan Disamban 1980, lokacin tarzomar Maitatsine da ta ci rayuka sama da dubu huɗu. Duk lokacin da abu ya ɓaci, gwamnati kan zo da dokar lasisi, kamar ƙudurin da aka kai majalisar jihar Kaduna a 2016, wanda ya sha suka daga ɓangarori da dama. Masu sukar suna da hujja, domin lasisin da ke hannun gwamna yana iya zama takunkumin bakin mai faɗa masa gaskiya. Amma wanda ya ƙi gyaran hukuma, wajibi ne ya nuna nasa.

Abin da nake kira gare shi ba baƙo ba ne a gidanmu. Tsarin karatun zaure ya ginu a kan ɗalibi ya karanta a gaban malami a gyara masa, kuma manyan malamai kan yi tafiya su durƙusa a gaban wanda ya fi su a wani fanni. Abin da ya yi ƙaranci shi ne ci gaba da wannan bayan mutum ya yi suna, da kuma faɗaɗa shi daga gyaran karatu zuwa gyaran abin da ake faɗa wa jama'a da yadda ake faɗarsa. Limaman Juma'a na ƙaramar hukuma ɗaya, ko fastocin gunduma ɗaya, suna iya haɗuwa sau biyu a shekara, a rufe ƙofa, a kashe waya, kowa ya kawo huɗubar da ya yi a saurara, a tambaye shi inda ya samo wannan ruwaya, da dalilin ambaton waccan ƙabila, da abin da yake tsammanin matashi mai zafin kai zai yi bayan ya ji.

Abin da zai hana hakan ba kuɗi ba ne. Girman kai ne, da tsoron kada almajirai su ji cewa an gyara wa malam. Limaman da suka riƙa zuwa Washington sun ji irin wannan nauyi, kuma suka daure suka miƙe a gaban takwarorinsu. Sun yi haka ne domin jama'ar da ke jiransu a gida, waɗanda ladabi ya hana su ɗaga hannu su ce ba su gamsu ba. Irin waɗannan jama'a suna nan a kowane sahu da kowane benci a garuruwanmu, kuma suna da haƙƙin a samu wanda zai yi tambayar a madadinsu.